Yadda ake gyaran bangon jan bulo da bututun hayaƙi a gida

Wanda ya yi damina biyu a Kusiri, a arewacin Kamaru, ya san gindin katanga ba ya rabuwa da ciwo. Bi unguwa bayan ruwa ya ɗauke ka gani: jan bulo ya yi duhu tun daga ƙasa har gwiwa, wani farin gari kamar kanwa ya feso masa, kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo kuwa ko farce ka sa sai ya zubo. Ambaliyar 2022 da ta 2024, lokacin da kogunan Logon da Shari suka tumbatsa suka shiga unguwanni a nan da can tsallake a Njamena, ta bar gidaje da yawa da wannan larura. Gini sana'ata ce, amma gaskiya rabin abin da ake kirana in gyara, maigida da yaro ɗaya za su gama shi cikin kwana uku in sun san bakin zaren.

Bari in fara da kunyar da na taɓa sha. Ina sabon fita daga hannun maigidana, wani dattijo ya ba ni gyaran katangarsa. Don in burge shi na zabga siminti, awo ɗaya a kan awo biyu na yashi, layukan kwaɓin suka yi tauri kamar dutse. Bayan damina biyu ya aiko a kira ni. Na tarar fuskokin bulon sun ɓare sun zube, kwaɓina kuwa yana nan tsaye ƙyam kamar raga. Maigidana ya zo, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ce, "Yaro, ka toshe wa ruwa ƙofa, ai sai ya fita ta taga." Bango yana shan ruwa, kuma dole ya fitar da shi. In kwaɓi ya fi bulo taushi, danshi da gishiri ta cikinsa suke fita, shi ne zai lalace, shi kuwa sauya shi ba wuya. In ya fi bulo tauri, bulon ne zai lalace. Jan bulonmu bugun hannu ne, ba ya jure wa kwaɓi mai ƙarfi.

Kayan da za ka tanada

Guduma madaidaiciya da kurfi siriri wanda bai kai faɗin layin kwaɓi ba. In babu kurfi, kai wa maƙeri guntun rodi mai milimita 10 ya fiƙe bakinsa ya lanƙwasa kamar ƙugiya. Ni ma da shi na fi aiki. Cokalin gini, da wani siriri na cusa kwaɓi, wanda tsohuwar wuƙa marar kaifi za ta iya maye gurbinsa. Ɗan faifan katako na ɗora kwaɓi, burushin waya, tsintsiya, rariya, bokiti biyu, kwanon sarki ko baro, igiya da ɗan ƙarfe mai nauyi a bakinta, da tsofaffin buhunan algarara. Kada ka raina safar hannu ta roba da tabarau. Siminti yana cinye fata, ɓarɓashin bulo kuma ba ya sallama kafin ya shiga ido.

Siminti ya zama sabo. Sa hannu cikin buhun, in ka ji dunƙulen da ba ya murjewa, ya sha iska, bar shi.

Yashi na kogi, mai ɗan kaushi. Mu nan na Logon muke samu, mutanen Marwa suna ɗiba a Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga, na Garwa a Binuwai. Gwada shi haka: zuba yashi rabin kwalba, cika da ruwa, girgiza, ajiye ya kwana. Laka za ta kwanta a sama. In kaurinta ya wuce ɗaya bisa goma na tsayin yashin, wanke shi ko ka nemi wani.

Laso, wato farar hodar nan da ake shafe bango da ita, wadda ake ƙonawa daga dutse a wajen garin Figil. Ita ce ke sa kwaɓi ya yi laushi ya kama. In ta buhu ce mai gari, jiƙa ta a bokiti ta kwana. In mai dunƙule ce wadda ke tafasa da ta ji ruwa, zuba ta kaɗan-kaɗan cikin ruwa a duro, kada ka zuba ruwa a kanta, ka nisanta yara, ka bar ta aƙalla mako guda kafin ka taɓa.

Bulo kuwa, tafi da tsohon guda ɗaya wurin masu ƙonawa don ka dace da girma, domin kowane mai bugu da akwatinsa. Tun da gwamnatin Chadi ta hana cinikin gawayi a 2009, da yawa daga masu wannan sana'a suka koma ƙwallon goruba da kashin shanu. Ko da me aka ƙona, na gefen tulin ba ya nuna kamar na tsakiya. Haɗa biyu ka buga: mai kyau yana ƙara kamar ƙarfe, wanda bai nuna ba sai ka ji "dum". Saki ɗaya daga tsayin ƙugu a ƙasa mai tauri, in ya tarwatse kada ka saya.

Maganar lokaci: ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, bango ya bushe, zafi bai taso ba. In ta kama dole a Maris ko Afrilu, fara bayan asuba, ka riƙa bin inuwa, ka tsaya da hantsi.

1. Nemo inda ruwa yake shiga

Ruwa ba ya tsami banza. Ranar da ake tafka ruwa a Agusta, ɗauki lema ka zagaya gidanka. Duba ko ruwan kwano yana fantsamowa jikin bango, ko indararo ya toshe ko ya gajarta, da inda ruwa yake kwanciya a gindi. Sai ruwan da mu da kanmu muke zubawa: wurin alwala, wurin wanke-wanke, randar da aka jingina, banɗakin da ke bayan bangon, da masu tsugunawa a katangar waje, wanda gishirin fitsarinsu yana cin bulo ba kaɗan ba. Sa alama da gawayi duk inda ka gani, ka fara magance wannan. In ba haka ba, baɗi ma sai ka sake sayen siminti.

Farin garin nan gishiri ne da ruwa ya kwaso daga ƙasa ko daga cikin bulo, ya bushe ya bar shi a fuska. Share shi a bushe da burushi, kwashe ka zubar nesa. Kada ka wanke, narkewa zai yi ya koma ciki. Masu zuba masa ruwan batir kuma ɓarna suke yi.

2. Karanta tsaga kafin ka toshe ta

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma ba kowace tsaga ce ake rufewa nan take ba. Ƙasarmu a wurare da yawa baƙar laka ce, irin wadda Fulani ke kira karal, inda ake dasa muskuwari, wato dawar rani. Da damina ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare, tushen gida yana hawa da sauka tare da ita. Shi ya sa za ka ga tsaga tana bin layin kwaɓi kamar matakala, ta buɗe a Afrilu ta rufe a Agusta. Dogonyaro da ke dab da katanga yana ƙara abin, don saiwarsa tana zuƙe ruwan ƙasar gefe ɗaya.

Liƙa ɗan kwaɓi siriri, faɗin tafin hannu, a kan tsagar wuri biyu ko uku, rubuta kwanan wata a gefe, ka bar shi wata uku, in da hali ya ratsa daga rani zuwa damina. In bai fashe ba, tsagar ta mutu, cike ta kamar sauran layuka. In ya fashe, tana da rai.

Akwai inda zan ce maka ajiye guduma ka kira gwani: tsagar da biro zai shige ta, wadda ake hango haske ta cikinta, wadda ta fi faɗi a sama, wadda ta taso daga kan ƙofa ko taga, da bangon da ya yi ciki ko ya karkata. Saki igiyarka mai nauyi daga saman bango ka gani. Katangar da ta karkata da faɗin yatsu uku, kada yara su ƙara kwana a gindinta.

Tsagar da ta mutu amma doguwa ce, ɗinke ta. Ƙwaƙule layin kwance zurfin santimita 4, rabin mita kowane gefe na tsagar, shimfiɗa kwaɓin siminti ɗaya yashi huɗu, danna rodi mai milimita 6 a ciki, rufe shi ruf. Tsallake layi biyu ka sake. Rodin da ya ga iska zai yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa abin da ka gyara.

3. Ƙwaƙule tsohon kwaɓi

Fara daga sama ka gangaro, don ƙura kada ta ɓata inda ka gama. Ɗauki kamar mita ɗaya tsawo da faɗi a lokaci guda. Zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin, wato wajen santimita 2, ko har ka tarar da mai ƙwari. Layin kwance tukuna, sannan na tsaye. Buga kurfi a karkace yana bin layi, kada ka nufi bulo. Injin yanka yana da sauri, amma a hannun sabon shiga gefen bulo yake cinyewa; ban ba ka shawara ba.

Ramin ya zama mai kusurwa har ciki, kada ya tsuke kamar bakin mashi. Kuskuren da na fi gani shi ne a shafa sabon kwaɓi a kan tsoho kamar man shanu a burodi. Rana ɗaya ta Afrilu ta isa ta ɓamɓare shi.

Kada ka zura yatsa a rami ba ka duba ba, kunama tana son wurin.

In ka ga jar ƙasa ko laka tana fitowa, kada ka tsorata. Gidaje da yawa a nan da laka aka jera bulonsu, aka toshe baki kawai da siminti. Inda lakar ta zurma, cusa sabuwa mai ɗan tauri, bar santimita 2 a baki, jira ta bushe. In kuwa hanyar gara ka tarar, kashe ta tukuna.

Share ramukan da burushi, watsa ruwa ya wanke ƙurar.

4. Kwaɓi

Auna da bokiti ko gwangwani ɗaya, a shafe baki. Awon shebur ƙarya gare shi. Na yau da kullum: siminti 1, laso 1, yashi 6. In bulon tsoho ne mai taushi, wanda ƙusa ke karce shi cikin sauƙi: siminti 1, laso 2, yashi 9. In laso ta gagara, yi siminti 1 yashi 6, ka haɗa yashi mai laushi da mai kaushi don ya kama cokali. Wasu suna barbaɗa garin sabulun wanki don kwaɓi ya yi santsi. Santsin zai yi, amma kumfa ce ta cika shi, ba zai yi ƙarko ba.

Tankaɗe yashi, gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan ruwa kaɗan-kaɗan. Na cike layi ya fi na jera bulo tauri: ka dunƙula a hannu ya tsaya kamar tuwon da ya huce, ba ya ɗiga. Mai ruwa-ruwa yana ɓata fuskar bulo, in ya bushe kuma ya tsuke ya bar kafa. Kwaɓa abin da za ka ƙarar cikin awa ɗaya. Wanda ya fara daskarewa, kada ka ƙara masa ruwa ka ce ka farfaɗo da shi, zubar.

5. Cike layuka

Jiƙa bangon tun daren jiya, ka sake jiƙawa da safe. Jan bulo maƙishirci ne, in ya sami kwaɓi a bushe sai ya tsotse ruwansa kafin siminti ya kama. Ana so ya yi danshi, amma ba ruwa na kwance a rami ba.

Ɗora kwaɓi a faifan katako, kara shi daidai bakin layin, ka riƙa turawa da siririn cokali kana dannawa da ƙarfi har ka ji ya tokare. Rami mai zurfi kada ka cika shi tashi ɗaya: santimita ɗaya, jira ya ɗan ƙame, ƙara wani. Cika na tsaye da na kwance su haɗu ba rata.

Yanzu sai haƙuri. Jira har in ka danna babban yatsa ya bar sawu amma bai manne maka ba. Nan ne za ka bi layin da lanƙwasasshen rodi ko guntun tiyo, ka goge shi ya ɗan lotsa ciki kamar kwarin cokali. Gugar nan tana matse fuskar kwaɓin, ruwa kuma ya zame ya wuce. Kada kwaɓi ya turo ya hau kan bulo, kuma kada ya shige ciki ya bar bulon ƙasa da baki, domin nan ruwa zai zauna. Abin da ya ɓata fuskar bulo, bar shi ya bushe ka kankare. In ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, tabon ya zauna ke nan.

6. Sauya bulon da ya ruɓe

Wanda fuskarsa ta zube fiye da kaurin yatsa, cire shi. Ƙwaƙule kwaɓin da ke kewaye, fasa shi daga tsakiya, fitar da shi gutsure-gutsure. Kada ka cire fiye da uku a jere; a gindin bango ma ɗaya-ɗaya, ka tsallake, gobe ka dawo wa na tsakani. Tsoma sabon a bokiti har kumfa ta daina tashi, fitar ya tsane. Shimfiɗa kwaɓi a ƙasan ramin da gefe biyu, shafa a saman bulon da bayansa, tura shi, daddaka da ƙotar guduma har ya yi daidai da 'yan uwansa, sannan cusa kwaɓi a layin sama sosai, don shi ne ke ɗaukar nauyi. In ba ka sami girmansa ba kuma ciwon a fuska kawai yake, zaro shi a hankali ka juya bayansa waje.

7. Shayarwa

Rataya jiƙaƙƙun buhuna a kan aikin, ka riƙa yayyafi safe, rana da yamma, kwana uku aƙalla, mako guda ya fi. Iskar hunturu ma tana saurin busar da kwaɓi, kada sanyin ya ruɗe ka. Wannan aiki a ba yaro mai hankali, a kuma riƙa bin sawu.

8. Kan katanga da gindinta

Katangar da ba ta da hula ta sama take sha. Yi mata hula da siminti 1 yashi 4, mai gangara, ta ɗan zarce bango kowane gefe da yatsu biyu, ka ja ɗan kwari a ƙarƙashin bakin don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jiki. A gindi, cike ƙasa ta gangara waje, ko ka yi ɗan dakali mai gangara faɗin rabin mita. Inda indararo ke zuba, sa dutse ko fasasshen bulo. Kada ka rufe gindin da ke da danshi da fentin mai ko tayil. Danshin hawa zai yi ya fito a saman abin da ka liƙa. Gidan da ambaliya ta shiga kuwa, a bar shi ya sha iska wata biyu ko uku kafin a yi masa filasta.

9. Bututun hayaƙi

Ba kowane gida ke da shi ba, amma masu tanderun burodi, masu gashi, da waɗanda suka gina wa uwargida murhu mai bututu a madafa, wannan naku ne. Shi ya fi kowane gini a gida wahala: wuta a ciki, ruwa da iska a waje.

Bari wuta ta mutu kwana guda cur. Hau da sassafe kafin kwano ya yi zafi, shimfiɗa katako ka taka a kan layin ƙusoshi, wani ya riƙe tsani, ka lura da wayar lantarki da gidan rina. Kama kan bututun ka ɗan girgiza. In yana motsi, kwance layukan sama har inda ya tsaya daram, ka sake jerawa, domin iskar farkon damina ba ta barin irinsa.

Sai shara. Toshe bakin murhu da jiƙaƙƙen buhu, in ba haka ba uwargida ba za ta yafe maka ba. Cusa ciyawa a wani buhu daidai faɗin ramin, sa dutse a ciki, ɗaura igiya, ka riƙa saki kana ja. Kunkunniya mai gari za ta zube. Mai sheƙi kamar kwalta, wadda ɗanyen itace da leda ke haifarwa, sai an kankare da ƙarfe a bakin gora, kuma ita ce mai kamawa da wuta. In kaurinta ya kai milimita 3, lokacin shara ya yi. Na gida sau ɗaya a shekara, na mai burodi duk wata biyu ko uku.

Gwada yoyo: kunna ɗanyar ciyawa kaɗan a murhu, ƙofa da taga a buɗe, wani ya rufe kan bututun da buhu na minti ɗaya. Duk inda hayaƙi ya ɓullo a jiki, sa alama. Kada ka yi wasa da wannan, musamman kusa da katakon rufi. Katako ya nisanci jikin bututu da aƙalla yatsu huɗu. In masu girki suna yawan ciwon kai da jiri, hayaƙi ne ke dawowa ɗaki, kuma yana kisa.

Wajen kwaɓi a nan aiki biyu ne. Abin da ke sama da rufi, wanda ruwa ke duka, irin na mataki na 4 ne. Cikin murhu da layukan farko inda harshen wuta ke lasa, siminti ba ya jurewa, farfashewa yake ya zama gari. Nan yumɓu za ka sa, irin na masu ginin tukwane: yumɓu 1, yashi 2, ko ka maye rabin yashin da dakakken jan bulo. Layin ya zama siriri.

Inda bututu ya ratsa kwano, nan ne yoyon damina. Tara siminti a wurin ba ya yi, don kwano yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, sai ya rabu. Yanko falle na kwano, lanƙwasa shi, cusa bakinsa na sama cikin layin kwaɓi zurfin santimita 2, ka toshe. Ta gefen tudu ya shige ƙarƙashin rufin, ta gefen gangare ya hau kansa. Bakin bututun ya ɗara ƙololuwar rufi da aƙalla santimita 40, in ba haka ba iska za ta riƙa mayar da hayaƙi. Ɗora masa hula a kan ƙafafu huɗu na bulo, ka bar tazarar tafin hannu kowane gefe.

In wata rana ka ji bututu yana ruri, tartsatsi na fita ta sama, kunkunniya ce ta kama. Fitar da mutane, zuba yashi a murhu, toshe bakinsa da kwano don iska ta yanke, a jiƙa rufi da abin da ke kewaye, a kira 'yan kwana-kwana. Kada a kwarara ruwa cikin ramin yana da zafi, bulon darewa zai yi.

Bayan gyara, ba shi mako guda ba wuta. Rana ta farko 'yan ƙirare kawai na rabin awa, ta biyu ka ɗan ƙara, sai a ta huɗu a ɗora tukunyar tuwo.